A Kwanta Ko A Taka? Tsohuwar Gardama Kan Yadda Karaya Da Miki Suke Warkewa

Wata rana da la'asar sakaliya aka shigo da ƙanena gida a ɗauke. Babur ɗin haya ya hau daga kasuwa zai dawo unguwarmu ta Dugoi a nan Marwa, tayar gaba ta nutse a yashi, suka zube, babur ya danne masa ƙwauri. Ko da muka duba, ƙafa ta lanƙwashe a inda babu gaɓa. Kafin magariba an kira mai ɗori. Ya ja ƙafar, ya daidaita, ya jera karan ɗori, ya naɗe da tsumma ya ɗaure tamau, ya yi tofi ya tafi.

Tun a daren nan gardama ta kaure tsakanin manyan gidan guda biyu. Goggo ta ce, "Kada wanda ya taɓa mini yaro. Ya kwanta har wata biyu ko yatsa kada ya motsa, ƙashi ba ya son wasa." Baffa kuwa, wanda ya taɓa karyewa a zamanin da yake tuƙa babbar mota tsakanin Garwa da Kuseri, sai ya ce, "Haba Adda! Ƙafar da ba a takawa ai mutuwa take yi. Jibi ya kama sanda ya fara dogarawa."

Ba a kai ga jibin ba. A dare na biyu yaro ya kasa barci saboda azaba, yatsun ƙafar suka kumbura suka yi sanyi, muna taɓawa yana cewa ba ya ji sosai. Muka yanke tsumman muka nufi asibiti. Likitan da ya karɓe mu ya ce da mun bari gari ya waye, da wata maganar ake yi. Bayan an ɗauki hoton ƙashi an gyara, ya zauna ya yi wa manyan bayani: makonnin farko ƙafar ba za ta ɗauki nauyi ba ko kaɗan, bayan nan kuma dole ya fara takawa kaɗan-kaɗan ko da yana jin tsoro. Goggo ta ce ai abin da ta faɗa ke nan. Baffa ya ce a'a, maganarsa ce ta fito.

Daga baya da na bi littattafai sai na tarar ashe gardamar Goggo da Baffa ta girme su nesa ba kusa ba. Manyan likitocin duniya sun shafe fiye da shekara ɗari suna yin ta, kowane ɓangare da hujjarsa da majinyatan da ya warkar. Alƙalin da ya raba gardamar kuwa wani abu ne da ido ba ya gani, wato 'yan siraran jijiyoyin jinin da ke tsirowa a cikin rauni.

Abin da ke faruwa a cikin miki

Duk wanda ya taɓa jinyar babban miki ya san lokacin da hankali ke kwanciya. Lokacin ne da aka buɗe bandeji aka ga ƙasan mikin ya yi jajir, ya yi gudaji-gudaji, ana ɗan taɓa shi sai jini. Tsofaffi su ce nama ya fara tohowa. Wannan jan da ake gani launin dubban sababbin jijiyoyin jini ne. Kaurin kowace ɗaya bai wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na silin gashi ba, bangonta kuma shimfiɗa ɗaya ce tak ta ƙwayoyin halitta. Sukan fara bayyana wajen kwana na uku bayan rauni, su yawaita a cikin mako guda ko biyu, sannan jiki ya zubar da mafi yawansu ya bar waɗanda suka ƙosa. Shi ya sa sabon tabo yake ja, tsoho kuma ya koɗe.

Dalilin da ya sa babu warkewa sai da su shi ne, iskar oksijin ba ta iya ratsa nama fiye da kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita daga jijiyar da ta kawo ta. Duk ƙwayar halittar da ta yi nisa fiye da haka za ta shaƙe. Ƙashi ma haka yake. Idan ya karye, jini ne ke fara taruwa a wurin ya daskare, sai jijiyoyi su kutsa cikin gudan jinin, sai a sami ƙullutu mai taushi na guringuntsi, daga bisani ya zama ƙashi. In jijiyoyin ba su iso ba, aiki ya tsaya a guringuntsi ko a wani zare-zaren nama mara ƙarfi, sai ka ji an ce ɗori bai kama ba.

Mutanen da ba su ga jijiyoyin nan ba, amma sun ga alamunsu. A littafin karaya da ake jingina wa Bukrat, likitan Girka da ya rayu wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an yi umarni a riƙa tambayar majinyaci ko ɗauri ya matse shi, a riƙa kwancewa ana sakewa bayan 'yan kwanaki, kuma a jinkirta sa karan ɗori har wajen kwana na bakwai, bayan kumburi ya saɓe. Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya ware sashe guda sukutum ga ɗori a babin tiyata na littafinsa At-Tasrif. A Landan kuma John Hunter, a littafinsa kan jini da kumburi da raunin bindiga da ya fito a 1794, ya lura cewa jan naman miki cike yake da jijiyoyi.

Mazhabar Goggo

A 1863 wani likitan tiyata na Landan mai suna John Hilton ya buga laccocinsa a kan hutu da ciwo. Ra'ayinsa shi ne ciwo ɗan saƙo ne da jiki ke aikowa yana neman a ƙyale shi, kuma hutu shi ne babban magani. Amma wanda ya kai wannan mazhaba ƙololuwa shi ne Hugh Owen Thomas na Liverpool, wanda ya rayu daga 1834 zuwa 1891. Abin da zai ba mai karatu sha'awa shi ne, Thomas ɗan gidan masu ɗori ne na gado daga yankin Wales. Mahaifinsa bai da takardar likita, da hannu ya gaji sana'ar kamar yadda namu suke gada. Ɗan ya yi karatun likita, ya haɗa da abin da ya gani a gida, ya tsaya kai da fata cewa gaɓar da ta yi rauni a tilasta mata hutu mai tsawo ba tare da katsewa ba. Ya ƙera wani karan ɗori na ƙarfe mai zobe a gindin cinya wanda har yau ake kira da sunansa.

Yaƙin Duniya na Farko ne ya gwada wannan ƙarfe. A farkon yaƙin, sojan da harsashi ya farfasa wa ƙashin cinya da wuya ya rayu, domin ana ɗauke shi a keken doki ko a mota, gutsattsarin ƙashi suna ta yankan nama da jijiyoyi a hanya. Robert Jones, wanda Thomas ya rena ya koya wa aiki, ya sa aka raba ƙarfen a fagen daga tun daga 1916. Alƙaluman da aka fi ambata sun ce mace-macen irin wannan rauni ya sauko daga kusan kashi 80 cikin 100 zuwa ƙasa da 20. Da wannan hujja a hannu, wa zai ja da Goggo?

Mazhabar Baffa

Sai dai a Faris akwai wanda ya ja. Just Lucas-Championnière ya ga majinyatan da aka kulle a filasta wata da watanni suna fitowa da ƙashi a haɗe, amma gwiwa ta sandare, tsoka ta tsotse, mutum ya zama gurgu duk da an ce ya warke. A 1895 ya fitar da littafi kan magance karaya ta hanyar tausa da motsa gaɓa, yana mai cewa ɗan motsi abinci ne ga sabon ƙashi.

Masu bincike Jamusawa sun ba shi makami ba tare da sun nufa ba. A 1892 Julius Wolff na Berlin ya nuna cewa ƙashi yana sake tsarin gininsa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa: inda ake dannawa ya yi kauri, inda aka daina ya zube. Shekara guda bayan haka Richard Thoma ya zura ido a kan ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, ya ga jijiyar da jini ke gudu da ƙarfi a cikinta tana faɗaɗa, wadda kuma gudun ya yi rauni tana tsukewa ta ɓace. Kamar dai hanyar ƙafa ce a daji, wadda ake bi ta zama turba, wadda aka bari ciyawa ta cinye. Ke nan tun kafin ƙarni na 20 an san cewa ƙashi da jijiya duka suna jin ƙarfi kuma suna amsawa. Abin da ba a sani ba shi ne ƙarfi nawa, kuma yaushe.

Likitan ƙauye a Kurgan

Amsa ta farko ta fito daga inda ba a zata ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani matashin likita mai suna Gavriil Ilizarov yana aiki a lardin Kurgan da ke yammacin Saiberiya a Tarayyar Sobiyat, ga tsofaffin sojoji birjik da ƙasusuwan da suka ƙi haɗewa, ga rashin kayan aiki. Wajen 1951 ya haɗa wata na'ura: zobban ƙarfe a kewaye da ƙafa, da siraran wayoyi irin na ƙafar keke da ke ratsa ƙashi, da sanduna masu noti da ke haɗa zobban. Da farko don ya matse bakin karaya ya yi ta. Daga baya ya gane cewa in aka yanka ƙashi aka riƙa kwance notin ana raba ɓangarorin a hankali, sabon ƙashi ne ke cike giɓin, tare da jijiyoyinsa da fata da tsoka. Ta haka ake ƙara wa gajeruwar ƙafa tsawo.

Manyan likitocin Mosko sun daɗe suna yi masa kallon boka. Abin da ya buɗe masa ƙofa haɗarin babur ne, irin wanda ya kawar da ƙanena. Valery Brumel, gwarzon tsallen sama da ya ci zinare a gasar Olamfik ta Tokyo a 1964, ya farfasa ƙwauri a kan babur a 1965. An yi masa tiyata ba ɗaya ba ba biyu ba, ƙafa ta ƙi. A 1968 ya je Kurgan, Ilizarov ya haɗa ƙashin ya dawo masa da tsawon ƙafar. A 1980 wani ɗan yawon duniya ɗan Italiya, Carlo Mauri, shi ma ya je ya warke, ya koma gida da labari, daga nan fasahar ta shiga Turai.

A 1989 aka buga sakamakon gwaje-gwajen da Ilizarov ya yi a kan karnuka da Turanci, kuma a nan ne darasin yake. Da fari, ba a fara ja nan take, sai an bar wurin ya huta kwana biyar zuwa bakwai. Sannan ja ɗin yana da ma'auni: milimita ɗaya a rana, a raba ta huɗu. In aka yi rabin milimita, ƙashi yakan riga ka ya haɗe tun ba a kai tsawon da ake so ba. In aka yi milimita biyu, jini ba ya isa wurin, sabon ƙashin ya fito ba ƙwari. A madubin ƙara girma kuwa an ga sababbin jijiyoyi sun jeru suna bin layin da ake ja, kamar zaren saƙa a kan masaƙa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Bahaushe, amma a nan har gudun sannun an auna.

Ƙarfi nawa, kuma yaushe?

A daidai wannan zamani likitocin Suwizalan sun bi wata hanya daban. A 1958 suka kafa ƙungiyar AO, wadda ta yaɗa ɗaure karaya da farantin ƙarfe da kusoshi ta yadda ƙashi ba zai motsa ba ko kaɗan, gaɓoɓi kuma su sami damar motsi da wuri. Daga cikinsu Stephan Perren ya kawo wani lissafi mai sauƙin fahimta a ƙarshen shekarun 1970. Ya ce kowane irin nama yana da iyakar miƙewar da zai jure kafin ya yage: ɗanyen jan naman miki zai iya ninka tsawonsa, guringuntsi ba ya wuce kamar kashi 10 cikin 100, ƙashi kuwa kashi 2 kacal. Don haka jiki yake bin tsani. Yakan fara da mai taushi, shi ya rage girgiza, sannan na gaba ya sami wurin zama.

A 1985 Allen Goodship da John Kenwright a Ingila suka gwada tumaki. Waɗanda aka riƙa ɗan dannawa da sakin karayarsu da na'ura na 'yan mintoci kullum sun fi waɗanda aka kulle tsaf saurin haɗewa. Baffa ya ci wannan zagaye. A 2002 Lutz Claes da abokan aikinsa a Ulm ta Jamus, su ma a kan tumaki, suka ƙirga jijiyoyin cikin ƙullutun karaya, suka tarar inda motsi ya yi yawa jijiyoyi sun yi kaɗan, ƙashi ya yi kaɗan, guringuntsi ya yi yawa. Goggo ta rama.

Gwajin da ya fi kama da hukuncin likitanmu shi ne wanda Joel Boerckel da abokansa suka buga a 2011 daga Atlanta ta Amurka. Sun cire milimita 8 daga ƙashin cinyar ɓeraye, suka ɗaure da wani faranti da za a iya kulle shi ko a sassauta shi ya bar nauyin jiki ya isa ga raunin. Ɓerayen da aka sassauta wa tun ranar farko, shigar jijiyoyi cikin giɓin ta ragu da kashi 66 cikin 100, sabon ƙashi ya ragu da kashi 75. Waɗanda aka jinkirta wa har mako huɗu kuwa, ƙashinsu ya ƙaru da kashi 20, kuma jijiyoyinsu suka sake tsari, ƙanana suka ragu manya suka ƙaru. Nauyi ɗaya, ƙafa ɗaya, bambancin lokaci ne kurum. Manomi ya san wannan: shukar da ta fito jiya, ko akuya ta taka ta ta mutu, amma geron da ya yi kara iska ba ta kayar da shi da sauƙi.

Miki da kansa yana ja

Wannan duk ƙarfin da ke zuwa daga waje ne. Akwai kuma wanda jiki ke haifarwa da kansa. Duk mai jinyar gyambo ya ga yadda bakinsa ke tsukewa kullum kamar ana jan zariyar wando. A 1971 Giulio Gabbiani da abokansa a Janeba suka gano masu wannan aiki, wasu ƙwayoyin halitta ne a cikin jan nama masu ɗabi'ar tsoka, suna kama zaren nama suna ja.

An daɗe ana ɗauka cewa jijiyoyi ba ruwansu da wannan ja. Tun bayan aikin Judah Folkman a 1971 da gano sinadarin VEGF a shekarun 1980, bayanin da ya mamaye littattafai shi ne: naman da ya shaƙe yana sakin sinadari, tsohuwar jijiya ta ji ƙanshinsa ta fitar da toho, tohon ya yi ta rarrafe har ya haɗu da wani. Wannan gaskiya ne. Sai dai a 2009 Witold Kilarski da Pär Gerwins da abokansu a Uppsala ta Suwidin suka nuna wata hanya ta biyu. A gwajinsu kan tantanin cikin ƙwan kaza da kan idon ɓera, sun ga jan da miki ke yi yana janyo tsofaffin jijiyoyin da ke gefe, su lanƙwaso su shigo cikin raunin kamar madauki, da jininsu yana gudana a ciki tun daga farko. Da suka hana tsukewar, shigowar jijiyoyin ta tsaya. Wannan ya taimaka wajen fahimtar yadda babban miki ke samun jini cikin 'yan kwanaki.

Ta yaya ƙwayar halitta take sanin ana jan ta? A 2010 ɗakin binciken Ardem Patapoutian a Kalifoniya ya gano wata 'yar ƙofa a jikin fatar ƙwayar halitta mai suna Piezo1, wadda ke buɗewa idan an miƙe fatar. A 2014 aka nuna cewa ɗan tayin ɓera da ba shi da ita jijiyoyinsa ba sa tsaruwa, ba ya rayuwa. Patapoutian ya sami kyautar Nobel a 2021. Abin da Thoma ya hango a ƙwai a 1893 sai da aka shekara fiye da ɗari kafin a ga makullinsa.

Likitoci ba su jira an gama bayani ba kafin su ci moriyar abin. A 1997 Louis Argenta da Michael Morykwas na jami'ar Wake Forest suka buga bayanin wata dabara: a cusa soso a cikin miki, a rufe da leda, a haɗa da famfon da ke zuƙa. A gwajinsu kan aladu, jan nama ya ƙaru da kusan kashi 63 cikin 100 idan zuƙar ba ta tsayawa, da kusan kashi 103 idan ana yi ana hutawa. Zuƙar tana kwashe ruwa, tana kuma miƙe naman ƙasan mikin a cikin ramukan soson. Bahaushen da ya ga wannan na'ura dole ya tuna da ƙahon wanzami, domin dukansu zuƙa ce. Amma kada kamannin ya ruɗe mu. Na'urar tana da ma'auni, sosonta tsaftatacce ne, kuma sai an yanke ruɓaɓɓen nama ake sa ta. Kafa ƙaho a kan buɗaɗɗen miki ko kan karaya neman ƙarin ciwo ne.

Inda matsi ke kisa

Akwai nau'in ƙarfin da ba shi da lokacin alheri, shi ne matsin da ke toshe jini. A 1881 Richard von Volkmann na Jamus ya bayyana yadda ɗaurin da ya matse yake kashe tsokar hannu, yatsu su ƙanƙance su zama kamar ƙafar shaho har abada. Gaɓar da ta karye takan ci gaba da kumbura kwana biyu ko uku. In an kewaye ta da abin da ba ya buɗawa, kumburin ya koma ciki ya danne jijiyoyi. Tsokar da ta rasa jini wajen awa shida ta fara mutuwar da ba dawowa. Wannan ne ya kusa faruwa da ƙanena, kuma yana faruwa da filastar asibiti ma idan ba a kula ba. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun rubuta tun a shekarun 1990 cewa ruɓewar gaɓa bayan ɗorin gida na cikin dalilan yanke hannu da ƙafa a wurinsu, kuma abin ya fi ciwo idan yaro ne da karayarsa mai sauƙi ce.

Wani nau'in kuma shi ne ƙaramin matsi mai maimaituwa. Paul Brand, wanda ya fara aiki a Vellore ta Indiya a 1946, ya nuna cewa gyambon tafin ƙafar kutare ba cin nama ne da cutar ke yi ba. Cutar tana kashe ji ne, sai mutum ya yi ta taka wuri ɗaya sau dubbai a rana, duk jijiyar da ta tsiro da dare ya murƙushe ta da rana. Da aka sa ƙafar a filastar da ke raba nauyi, gyambon shekaru ya rufe cikin makonni. Yau wannan darasi ya fi shafar masu ciwon suga, waɗanda ke ƙaruwa a gidajenmu. Mai gyambo a tafin ƙafa da yake shafa magani mai tsada yana kuma zuwa kasuwa a kai, kuɗinsa yake zubarwa.

Mu dawo Dugoi

Ban rubuta wannan don in ci mutuncin masu ɗori ba. A garuruwa da ƙauyukanmu da yawa su ne na kusa, su ne masu sauƙin kuɗi, kuma mutane sun yarda da su. Hasali ma karan ɗori yana da wata fa'ida da kimiyya ta tabbatar daga baya, domin yana riƙe ƙashi ba tare da ya kulle shi kamar dutse ba. Thomas na Liverpool ma daga irin wannan gida ya fito. Matsalar tana wuri uku da tarihin nan ya haska: ɗaure gaɓa tamau tun tana kumbura, yawan kwancewa ana murzawa ana sake ja a makonnin farko lokacin da jijiyoyi suke jarirai, da rufe karayar da ƙashi ya huda fata, wadda wurinta ɗakin tiyata ne tun a ranar.

Waɗannan abubuwa ne da ake iya koyarwa. A kudancin Habasha an ba masu ɗori horo na kwana ɗaya, rahoton da aka buga a 2005 ya nuna yanke gaɓa saboda ruɓewa ya ragu ƙwarai. Kano tana da Asibitin Ƙashi na Dala tun 1959, mu kuma yanzu Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 tana da tsangayar likitanci. Me zai hana ɗalibanta da malamansu su zauna da sarakunan ɗori na Marwa da Garwa da Gidar, kowa ya ji ta bakin kowa?

Kafin a kai ga haka, ga abin da ya kamata kowane gida ya riƙe. Idan an ɗaure gaɓa, a bar yatsu a waje ana dubawa. Ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, yatsun da suka kumbura ko suka yi sanyi ko suka canza launi, jin dindiris ko rashin ji, bororo a fata, duk wanda aka gani a cikinsu a sassauta ɗauri nan take a tafi asibiti, kada a jira safiya, kada kuma a ji kunyar wanda ya ɗaura. A ɗauki hoton ƙashi ko da za a koma wurin mai ɗori. Ranar fara takawa kuma a bar wa wanda ya ga hoton ya faɗa, domin ta bambanta daga ƙashi zuwa ƙashi, daga yaro zuwa tsoho. Idan ranar ta zo, a taka ɗin, kada tausayi ya sa a bar mutum a shimfiɗa har gwiwa ta sandare.

Ƙanena yau yana tafiya ba ɗingishi, har ya koma ƙwallon yamma a yashin Mayo Kaliyawo idan ruwa ya janye. Goggo da Baffa kuwa har gobe ba su sasanta ba. Duk sallah idan ya shigo gaisuwa, ita ta ce kwanciyar da ta sa shi ce, shi ya ce sandar da ya saya masa ce. Na taɓa gwada yi musu bayanin ɓerayen Atlanta, Goggo ta dube ni ta ce, "Kai dai da karambani, yanzu ɗan nawa kake haɗawa da ɓera?" Tun daga ranar na ja bakina. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mu da tsautsayin hanya.